Shekarar da Muka Shuka Irin Duka

Shekarar da na fara aiki a sashen noma a Batsari, kaina ya kumbura. Ina da waya mai nuna taswira, gani nake ko hadari sai ya nemi izinina kafin ya haɗu. Da hasashen damina ya fito, na ga an shafa wa yankinmu kore, alamar ruwa zai fi na kullum. Ban tsaya karanta bayanin da ke ƙasa ba, na hau babur sai garinmu Tsaskiya.

Mahaifina yana da irin gero da ya gada wurin kakanmu, gajere, mai saurin nuna. Al'adarsa, in ruwan farko ya sauka sai ya shuka rabi, ya bar rabi a rumbu har ƙasa ta jiƙa sosai. Na ce masa wannan tsoron mutanen da ne, bana masana sun gama magana. Kwana biyu ina damunsa, har na tambaye shi amfanin karatun da ya sa ni in ba zai ji maganata ba. Nan ya ce, "To, malam. Kai ka ga abin da ban gani ba."

Muka shuka duka. Tsiro ya fito gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke. Sati uku muna kallonsa yana ƙonewa.

Sai a lokacin na koma na karanta a natse. Ashe jimillar ruwan wata uku taswirar ke nufi, kuma yiwuwa ce, ba alkawari ba, ba ta faɗi ranar saukarsa ba. A ƙasa kaɗan har an yi gargaɗin fari bayan ruwan farko. Ruwan kuwa ya zo daga baya, har ya kayar mana da katanga. Kunyar da na ji ba ta faɗuwa.

Baba ya bi waɗanda ya taɓa bai wa irin ko zai samu, har Yasore ya je. Wasu sun tashi saboda rashin tsaro, wasu yunwa ta sa sun daka nasu. Dole ya shuka na kasuwa. Ko sau ɗaya bai yi mini gori ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da kaka ta yi, mahaifiyata ta dama furar sabon gero. Baba ya kurɓa, ya yi hamdala, ya miƙo mini ƙwaryar. "Wannan ma abinci ne," in ji shi. "'Ya'yanka kawai nake tausayi, ba za su san ɗanɗanon wancan ba."