Shaddar da Hasiya Ta Ƙi Mayarwa Baƙa

Aure ne ya kawo Hasiya birnin Yamai daga Tasawa. Mijin ya rasu, ita ta zauna. Shekara ashirin da biyu tana rinin shadda a unguwar Goudel, bayan lambunan salati, har hannuwanta suka yi shuɗin da sabulu ya gaji da shi.

Wata hantsi maƙwabciyarta Balkissa, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta kawo zane a rina mata. Tana jira tana latsa waya, sai ta miƙo wa Hasiya. Hoton saman wata ƙasa ce mai ƙanƙara: haske kore ya zubo kamar labule, gefensa shunayya, bayansa baƙi da yayyafin taurari.

"Wa ya zana wannan?" in ji Hasiya.

"Ba zane ba ne, Inna. Haka samansu yake yi wani lokaci."

Hasiya ta daɗe tana kallo. Wata uku ta yi tana gwadawa a kan ƙyallaye, kullum koren ya cinye shunayyar. Da ta dace, ta ɗiga kakin zuma ya zama taurari, ta rina turmi guda, ta kai wa Alhaji Abdoulkarim a Babbar Kasuwa, wanda ya daɗe yana sarin rininta.

Ya warware, ya yamutsa fuska. "Hajiya, rinin nan ya ɓaci. Ki mayar da shi baƙi in karɓa."

"Alhaji, na san ɓacin rini tun kana tallar atamfa a ka. Wannan da gangan na yi shi."

Ya ce marina sun yi yawa a garin nan. Ta ce ta sani, ta ninke shaddarta ta fito.

Bai sake aiko mata da aiki ba. Damina guda ta yi tana rinin tsofaffin tufafi. Shaddar kuwa ta kai wa tela, ta saka ta zuwa wani bikin suna a unguwar Koira Kano. Wata mata ta ce, yadda kowa zai ji, ai jabel, ruwan nan mai cinye launi, ne ya zube a kai. Hasiya ta miƙe tsakar taro, ta buɗe hannuwa, ta juya a hankali.

"Ki duba da kyau, kar ki je gida da rabin labari."

Mata biyu suka karɓi lambarta. Ɗaya ce ta zo.

Yanzu Balkissa ta nuna mata hoton wata duniya mai zobba a ƙugu. A rini zobban suna fito mata a karkace, ta ɓata yadi huɗu. Jiya ta jiƙa na biyar.