Tafiyar Arewa da Yaya Sabitu Bai Yi Ba

Bana shekara bakwai ke nan da aka fitar da gawar yayana Sabitu daga gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a nan Ibadan. Mutane kan ce mini lokaci na warkar da komai. Wataƙila ga wasu. Ni dai har yau in na ratsa layin 'yan albasa a Kasuwar Bodija, ba yajin albasa ke kawo mini hawaye ba, takaici ne.

Yaya dillalin albasa ne a rumfar wani Alhaji da ba zan faɗi sunansa ba, ba don ya cancanci sutura ba, sai don iyayenmu sun yi zaman mutunci da shi. Dillali bakinsa ne jarinsa, kuma Allah ya ba Yaya baki, ga Yarbanci kamar ruwa. Matan Yarbawa masu sari ba sa tsayawa wurin kowa sai wurinsa. Ya tsokane su, su rama, a yi dariya, a yi ciniki. Alhaji kan dafa kafaɗarsa a gaban jama'a ya ce wannan ba yaronsa ba ne, ɗansa ne. Mu ma muka yarda.

Sai wata tafiya da ya rako motar kaya daga Arewa, motar ta kife a hanya. Shi ƙurjewa kawai ya yi, direban kuwa, abokinsa tun na ƙuruciya, a kan cinyarsa ya cika. Jikin Yaya ya warke nan da nan, amma wanda ya dawo mana ba shi ne ya tafi ba. Barci ya ƙaurace masa. Babbar mota ta yi ƙara ya zabura. Wani lokaci yana tsakiyar ciniki sai maganar ta ɓace masa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Yaya bai ɓoye ba. Namijin Sabo ko yana mutuwa ka ce masa ina gajiya, ba gajiya zai ce. Shi kuwa ya ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya je ya sami Alhaji ya zayyana masa komai, ya roƙi a bar shi ya ga likita, a kuma ɗauke masa tafiye-tafiye na ɗan lokaci. Alhaji ya ce ya kwantar da hankalinsa, asirinsa a rufe yake.

Ashe rufewar ta gaske ce. Aka ɗauke Yaya daga bencin ciniki na gaban rumfa aka kai shi sito na baya, wai ya riƙa lura da buhuna. Maganar likita aka ce a bar ta, kada kasuwa ta ɗauka cewa a rumfar Alhaji akwai mai taɓin hankali. Abincin rana da suke ci a tire ɗaya, aka koma aika masa nasa shi kaɗai. Aka kuma gargaɗi kowa cewa duk wanda ya tambaye shi, a ce ya yi tafiya Arewa.

Langalangar kwano ce kawai ta raba siton da bencin. Yana zaune cikin duhu yana jin muryar masu cinikinsa suna kiran sunansa, yana jin abokan aikinsa na cewa ai yana Arewa. Mu muka kai shi asibiti daga baya, likita ya ba shi magani ya ce ya riƙa zama cikin mutane. To ina amfaninsa, tunda gari na wayewa sito zai koma? Barin aikin kuma ya ƙi, ya ce ba zai butulce wa ubangidansa ba.

Na je da kaina na durƙusa. Na ce, "Baba Alhaji, ku mayar da shi benci, ko ba zai yi ciniki ba."

Ya ce, "Ke Hajara, so kike ya zama abin nuni? Mutuncinsa nake karewa."

Mutuncin rumfarsa dai. A siton nan Yaya ya rame, jininsa ya hau, kuma a can ya yanke jiki ya faɗi. Ba a sani ba sai da aka shiga ɗaukar buhu.

Yanzu ɗan Alhaji ke riƙe da rumfar, ɗan boko ne, har likita ya gayyato ya yi wa ma'aikata bayani a kan damuwa. Ban ƙi ba, ko ihu bayan hari ne yana iya ceton na gaba. Amma da ya aiko neman hoton Yaya, wai za a nuna wanda suka riƙe da amana har ƙarshe, na hana. Na san Yaya, da yana nan dariya zai yi, ya ce a fara cire langalangar nan tukuna, don har gobe tana nan, kuma ban san wa za a sake kaiwa bayanta ba.

Kwanan baya na yi kiciɓis da Iya Moriamo, tsohuwar mai cinikinsa da ta daɗe da barin sari. Ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko har yanzu mai albasarta bai dawo daga Arewa ba. Na gaya mata ya rasu, na kuma gaya mata inda yake duk ranakun da take tsaye tana cigiyarsa.

Sai ta ce, "Bayan langalangar nan? Ai da na zagaya na zauna da shi."

Abin da ya rage na Yaya ke nan: ba hoto ba, mutanen da suka yi ta nemansa aka hana su. Taku kaɗan ne tsakaninsa da su. Allah ya jiƙanka, Yaya, ba ka je ko'ina ba.