Alhaji Hamidu Ɗanmalam na Garuwa da Agogon Amana

Haihuwa da Karatu

An haifi Alhaji Hamidu Ɗanmalam a garin Banyo a shekarar 1944. Mahaifinsa, Malam Mahamman, dillalin shanu ne wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Kano da fatauci, mahaifiyarsa kuwa, Hindu, Bafulatana ce 'yar Banyo. A 1951 iyalin suka ƙaura zuwa Garuwa, suka sauka a unguwar Yalwa. A nan ya sauke Alƙur'ani, ya kuma yi shekara shida a lekol, wato makarantar boko, har ya iya Faransanci, ban da Hausa da Fillanci da ya tashi da su.

Sana'a da Aure

Bayan rasuwar mahaifinsu a 1965, shi da wansa Hassan suka gaji cinikin shanu, suna saye a Kuseri suna kaiwa Kudu. A 1969 ya auri Dela, 'yar wani mahauci na babbar kasuwa, mace mai kaifin harshe da taushin zuciya, wadda ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarta.

Baƙi daga Cadi

A watan Yuni na 1982, lokacin da yaƙi ya sake kora mutanen Injamena zuwa ƙetaren kogi, Hamidu yana Kuseri, garin da ke wannan ƙetaren. A bakin ruwa ya ga wani mutum ya sauko daga kwalekwale da matarsa da jaririya, ba su da kaya sai ƙunshi guda. Sunan mutumin Dieudonné, ma'aikacin kantin magani, matarsa Léontine, jaririyar Delphine. Hamidu ya ɗauko su a motar shanunsa zuwa Garuwa, Dela ta share musu ɗakin baƙi, suka zauna wata biyu.

Da Dieudonné ya yi niyyar wucewa garinsu, Mundu, a kudancin Cadi, sai ya kwance agogon da ya ɓoye a cikin zanen goyon jaririyar, kyautar wani tsohon likita Bature da ya yi wa aiki. Agogon zinariya ne ƙirar Suwizalan, mai kalanda ta dindindin: yana nuna rana da kwanan wata da surar wata na sama, ya san watan da ke da kwana talatin da mai talatin da ɗaya, ya kuma san shekarar da Fabrairu ke yin ashirin da tara, ba tare da an gyara masa ba, muddin ana ba shi wani kullum, wato ana murɗa kansa, bai tsaya ba. Ya ce, "Yaya, a hanya masu bindiga za su ƙwace shi. Ka riƙe mini, kada ka bari ya tsaya. In hanya ta yi kyau zan dawo kafin Kirsimeti." Bai dawo ba, kuma babu wasiƙa.

Tara Agogo

Kula da wannan amana ce ta jefa wa Hamidu sha'awar da ta zame masa abin shahara. Kowace safiya bayan sallar asuba yakan ba agogon wani, in zai yi tafiya ya bar wa Dela aikin. Ranar 29 ga Fabrairun 1984 ya ga agogon ya nuna kwanan daidai, ya yi ta tasbihi don mamakin hikimar da Allah Ya ba ɗan Adam. A shekarar nan ya sayi nasa na farko a hannun wani Bagirke da ke rufe kantinsa a Duwala. Na biyu a Jidda ya same shi, a hajjinsa na 1987, sauran kuma daga Kano da Yawunde, a hannun magada da 'yan kasuwar da talauci ya taɓa. Kafin 1993 yana da guda biyar, ban da na amana, kuma babu wanda bai girmi 'ya'yansa ba.

Ya koyi wanke su da zuba musu mai a wurin wani tsohon mai gyara a Duwala. Duk shekara huɗu, ranar 29 ga Fabrairu, yakan tara iyali da maƙwabta da hantsi, a sha shayi da makala, wato fanke, ya jera agogunan a kan farin ƙyalle kowa ya gani. In azumi ya gabato mutanen unguwa sukan zo tambayar abin da watan cikin agogo ya nuna, shi kuwa ya ce su je su duba sama, domin da ganin ido aka umarce su. Dela takan ce ita inuwar bangon madafa ta ishe ta sanin azahar.

Shekarar Jarrabawa

A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, cinikin shanu ya durƙushe, kuma a watan Afrilu ciwon ƙoda ya kwantar da Dela. Likitocin Garuwa suka ce sai an yi mata aiki a Yawunde cikin gaggawa. Wani dillali daga Duwala ya zo ya duba agogunan, ya ce na amana shi ne mafi daraja, shi kaɗai ya isa ya ɗauki nauyin jinyar duka. Wansa Hassan ya ce, "Hamidu, shekara goma sha biyu ba labari. Mai shi ya mutu. Ka sayar da guda ɗaya ka tsira da biyar." Hamidu ya shiga wurin matarsa ya faɗa mata yadda ake ciki. Dela, tana kwance, ta ce, "Alhaji, ni na goya yarinyar nan a bayana. Ba za a yanka ni da gadonta ba." Ya fito ya sayar da huɗu daga cikin nasa a farashin da bai kai rabin darajarsu ba. Aka yi aikin a watan Mayu, Dela ta warke, ta ƙara shekara goma sha bakwai a duniya. Ba a taɓa jin ya ambaci agogunan nan huɗu da baƙin ciki ba, kuma bai sake sayen wani ba.

Mayar da Amana

Tun 1983 yake aika sallahu ta bakin direbobi da 'yan tireda masu zuwa Mundu, ba a dace ba, domin sunan Dieudonné ya yi yawa a ƙasar. Sai a 2003 wata malamar asibiti 'yar Cadi da ta duba jikarsa a Garuwa ta gane iyalin da yake nema. Daga bakinta ya ji cewa an kashe Dieudonné a rikicin 1984, kuma Léontine tana raye, tana sayar da kifi. A watan Nuwamba ya tafi Mundu da kansa, Dela ta bi shi duk da wahalar hanya. Léontine ta rungume Dela a ƙofar gida. Da Hamidu ya buɗe ƙyallen da ya naɗo amanar a ciki, Léontine ta ga agogon yana tafiya, kwanan wata daidai, sai ta ce, "Na ɗauka babu wanda ya tuna da shi sai ni." Aka damƙa wa Delphine, wadda a lokacin take karatun aikin ungozoma. Kwana uku suka yi, Hamidu yana koya mata yadda ake ba shi wani.

Tsufa

Daga 2005 sanyin ƙashi ya kama yatsunsa, har ba ya iya murɗa kan agogon guda da ya rage masa. Dela ta karɓi aikin, kowace safiya tana yi tana mita, tana cewa tsoho biyu aka haɗa ta da su. Ta rasu a watan Agustan 2011. Bayan kwana arba'in ya kira 'yarsu Balkisu, ya ba ta agogon, ya ce hannun da agogon ya saba da shi ya tafi, ta kai shi gidanta. Sauran shekarunsa ya yi su tsakanin masallacin unguwa da zauren gidansa, yana sasanta 'yan kasuwa, kuma mutane da yawa, Musulmi da Kirista, sukan kawo masa ajiya.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar Alhamis, 9 ga Nuwamban 2017, da hantsi, a gidansa na Yalwa, bayan gajeriyar rashin lafiya, yana da shekara saba'in da uku. An yi masa salla bayan azahar. Ya bar 'ya'ya biyar: Hamadu, Balkisu, Ɗanjuma, Safiyatu da Karimatu, da jikoki ashirin da biyu. Wasiyyarsa guda ce, a binne shi kusa da Dela in da hali. Maƙabartar ta cika a wannan sashe, amma masu haƙa suka duba suka samu gurbi, kabari uku tsakaninsa da ita. Allah Ya yalwata musu makwanci, Ya haɗa su a inda babu rabuwa.