Kyaftin Issaka, mutumin da ya ɓata mini ciniki

Kyaftin ya rasu.

Ina tsaye a tashar Edmonton da safen nan ina jiran jirgin ƙasa na Overground, wayata ta yi ƙara. Anti Hawa ce, matarsa. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba, ta ce, "Nasiru, babanka ya tafi." Jirgi ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ina nan tsaye da waya a kunne. Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Alhaji Issaka ɗan zangon Kumasi ne, tsohon ɗan ƙwallo mai tsaron baya. Ya buga a Gana, ya buga a Beljiyam, ya daɗe a Turkiyya, ya zo ya ƙare a ƙananan ƙungiyoyin Ingila. Yakan ce an sayar da shi, an ba da aronsa, an dawo da shi, an sake sayarwa, har ya daina kwance akwati. Duk inda ya je kuma sai sun ɗaura masa ƙyallen kyaftin a hannu. Baƙo ne, bai gama iya yaren gari ba, amma shi ke tsawata wa 'yan gari a fili suna cewa to.

Ban taɓa ganin mai kwarjini irinsa ba. Ya haura hamsin, amma idan aka ɗaga ƙwallo sama a filin da ake bugawa ranar Lahadi, samari matsawa suke yi.

Hausarsa kuwa ta Kumasi ce, ba ruwanta da mace. Mota "shi", Anti Hawa ma "shi". Mun yi masa tsiya har mun gaji, bai canza ba.

Shi ya gano ni. Ina buga lamba bakwai a wata ƙaramar ƙungiya a Sweden, ɗan Jos mai cika bakin ya san sanyi, sanyi yana koya mini hankali. Ya zo kallo, ya koma ya gaya wa wani ejan, wato dillalin 'yan wasa da yake yi wa aikin nemo masu ƙafa. Ana dab da rufe kasuwar 'yan wasa, wata ƙungiya a nan Landan ta ce tana so na. An daidaita komai. Saura gwajin lafiya, sai sa hannu.

To kun san halinmu. Kafin gwajin aka zaga da ni filin wasa, aka ɗauke ni hoto riƙe da rigar ƙungiya, na tura gida. Shi ke nan. Kafin in kai masauki hoton ya gama Jos. An yanka rago a ƙofar gidanmu, an yi walima, mata sun yi ta zuwa yi wa Mama barka, kawuna har gidan rediyo ya je ya miƙa gaisuwa ga "ɗanmu na Ingila". Mu a wurinmu in ka riƙe riga an gama. Ba wanda ya san likita ne ke da magana ta ƙarshe.

A asibitin Camberwell aka yi gwajin. Kyaftin ya raka ni, don ɗabi'arsa ce, duk wanda ya kawo sai ya zauna masa a bakin ƙofa. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka sa ni gudu a kan na'ura. Likita ta daɗe tana kallon allo, ta fita ta kira wani, shi ma ya daɗe. Suka ce naman zuciyata ya yi kauri fiye da kima. Da magani zan iya kaiwa tsufa. Amma gudun ƙwallo zai iya tsayar da ita rana ɗaya, ba sallama.

Ni da ban taɓa ko haki ba.

Ƙungiya ta janye, cikin ladabin nan na Turawa mai sa ka rasa wanda za ka yi wa fushi.

Washegari ina flat ɗin Kyaftin, an ajiye mini shinkafa da wake da shito, yajin nan na Gana, na kasa ci, sai ejan ya kira. Muryarsa wasai. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, na samo maka wata ƙungiya a Turkiyya. Gobe za a rufe kasuwa, ba su da lokacin dogon medical, gwiwa kawai za su duba. Na riga na yi booking. Maganar Landan kuma ka manta da ita."

Wallahi daɗi na ji. Na tuna rago, na tuna rediyo, na tuna fuskar Mama. Na miƙe na fara haɗa jaka.

Kyaftin yana zaune yana kallona. Ya ce, "Nasiru, zauna. Zan kira su in faɗa musu zuciyanka bai da lafiya. A gabanka zan yi, ba a bayanka ba."

Na ɗauka barazana ce. Sai ga shi ya danna lambar wani tsohon abokin wasansa da ke cikin masu horar da ƙungiyar. Ya yi magana da Turkanci, a nitse, kamar mai tambayar albasa a shagunan Edmonton. Ban gane komai ba sai sunana. Na yi ihu, na yi kuka, na ce rayuwata ce, ina ruwansa. Anti Hawa ta leƙo daga kicin ta koma. Shi ko murya bai ɗaga ba. Da ya ajiye wayar ya ce:

"Na ga mutum ya faɗi a fili, ba wanda ya taɓa shi. Ɗaki ɗaya muke kwana. Ni na kira babanshi. Ba zan kira mamanka da irin wannan labari ba."

Sannan ya miƙo hannu. "Kawo lamban mamanka. Wanda zan iya faɗa, yau zan faɗa."

Kun san a gida ɗa ba ya kai wa uwa labari mai nauyi da bakinsa, babba ake turawa. Ni ba ni da babba a Landan, sai ya zama. Ya gaishe ta, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi ruwan saman Jos, ya yi ta zagaye har na ƙosa. Daga baya ya faɗa mata a hankali. Ina jin kukanta ta waya, tana cewa me za ta gaya wa mutane, an riga an ci nama.

Ya ce, "Hajiya, ragon nan bai ɓaci ba. Kai ka yanka don riga, Allah ya karɓa sadaka, ya bar maka ɗanka. Haka za ka faɗa ma mutane."

Mama ta ce tana cikin kuka dariya ta kusa ƙwace mata, jin wani ƙato yana ce mata "kai". Kuma haka ta gaya wa mutane. Har yau a unguwarmu ragon sadaka ake ce masa.

Ga abin da har yanzu nake tunawa. Shi ma yana da kasonsa a cinikin nan da ya ɓata. Ya san haka ya ɗauki wayar. Ejan bai sake ba shi aiki ba, ya kuma bi ya ɓata shi wurin sauran dillalai. Mutumin da ake aiko wa tikiti ya je ya duba 'yan wasa ya koma tuƙa motar kai kaya gida-gida. Kyaftin guda, yana hawa bene da kwali a kafaɗa, da gwiwoyin nan da aka sha yi wa tiyata.

Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa.

Ni na san kaina. Ba na jin zan iya abin da ya yi.

A gidansa na zauna har na dawo hayyacina. Shi ya yi ta jan ƙafa da ni zuwa ofishin jakadancinmu da ke Charing Cross kan maganar fasfo. Shi ya matsa mini na shiga karatu, na koyi kula da raunin 'yan wasa, aikin da nake ci da shi yau. Ranar ɗaurin aurena shi ne wakilina, ya sa wata babbar riga da ta fi shi girma, abin da ban ɗauka akwai ba. Lokacin da na ce na tsani ƙwallo ba zan ƙara kallo ba, bai yi musu ba. Ya ja ni filin Lahadi ya miƙo mini usur, ya ce alƙali bai zo ba.

Ba ni kaɗai ba ne ashe. Tun safe waya take shigowa daga Beljiyam, daga Kumasi, daga garuruwan da ban iya kiran sunansu ba. Wannan ya ce Kyaftin ya ɗauko shi a filin jirgi da rigar sanyi a hannu. Wancan ya ce shi ya zauna masa a asibiti da aka yi masa aikin gwiwa ƙungiya ta manta da shi.

Makon jiya na je duba shi, a asibitin nan dai na Camberwell. Ciwon ƙoda ya cinye shi, ƙaton nan ya koma rabi. Amma waya na hannunsa yana bin labarin kasuwar 'yan wasa yana tsaki. "Dubi wanda sun saya. Wannan ko juyawa bai iya ba."

Na je da 'yata Ramla. Ya yi mata Hausa, ta amsa da Turanci. Ya ce, "Wannan kam an sayar da shi ma Ingila, ba aro ba ne."

Da ta fita da Anti Hawa na tambaye shi abin da ya daɗe a raina, ko ya taɓa nadama, ganin abin da ya rasa a kaina. Ya harare ni kamar na ba abokin hamayya ƙwallo. Sai ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjina.

"Yana aiki?"

Na ce, "Yana aiki, Kyaftin."

"To mene ne tambaya?"

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Anti Hawa ta ce jana'iza gobe bayan azahar idan takardun asibiti sun fito, zan sanar a nan. Zan sa kafaɗata a makararsa. Da ya yi shiru ranar nan ya bar ni na hau jirgin Turkiyya, wataƙila da tawa ya ɗauka tun tuni.

Ya Allah, ga bawanka Issaka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari, ka tsaya masa yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane a ƙasar da ba su da kowa. Ka ba Anti Hawa da yara juriya.

Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, idan ka idar da salla yau ka ambaci sunansa. Tawa ni kaɗai ba za ta isa ba.