Taku Talatin Gabas da Aduwa

Da jakai biyu na fara sana'ar ƙasa. Ina ɗebo yashi a gulbi, in zuba a mangala, in kai wa magina cikin Talata Mafara. Daga baya na samu wata tsohuwar tifa wadda sai an tura take tashi, leburori shida su wuni suna cika ta da diga da shebur. Yau ina da tifofi masu taya goma, da katafila mai ture daji, da eskabeta, motar nan mai dogon hannu da ke kamfato ƙasa da bokiti. Eskabetar da na sayo ta ƙarshe tana cika tifa kafin mutum ya gama alwala. Direbanta na zaune cikin ɗakin gilashi mai sanyi, ba ya shaƙar ƙura, ba ya jin kiran wanda ke ƙasa. Lokacin da na sayo ta, wannan na ɗauka shi ne ci gaba, kuma har yanzu ban ce ba shi ba ne.

Kawuna, wan mahaifiyata, malami ne a Dakko, wajen Bakura. Ya tsufa yana karantar da littattafai a zaure. Ɗansa na fari bai bi shi ba, ya shiga fataucin shanu. Da yake taubasai muke, ba mu haɗuwa ba tare da tsiya ba. Shi yana ce mini mai sayar da ƙasar Allah, ni ina ce masa dillalin kofato.

Taubashin nawa ne ya kawo mini maganar. Wani ɗan kwangila ya samu aikin cike hanyar da ta fita daga garinsu, yana neman jar ƙasa, kuma kufansu na kakanni, inda danginmu suka zauna kafin su dawo cikin gari, duk jar ƙasa ne. Babu mai noma wurin. Muka tafi tare neman izinin kawu.

Mun daɗe muna gaisuwa. Ya tambayi gida, da iyali, da gajiya, da kasuwa, da ƙafar mahaifiyata, ya sake komawa kan gajiya. Sannan ya saurari abin da ya kawo mu.

"Ku ɗiba," ya ce. "Amma akwai aduwa guda tsakiyar wurin. Yamma da ita naku ne. Gabas da ita kada ku taɓa. Taku talatin daga gindinta, nan anka rufe mahaihina, kakanka ke nan. Na bar wuri kusa da shi. Nan nika so a sa ni."

A wajenmu ba a gina kabari, ba a rubuta suna. Ruwan damina biyar ya ishi tudun kabari ya koma daidai da ƙasa. Abin da ke saura shi ne itacen da ke kusa, da tsohon da ya riƙe adadin takun a kansa. Kawu yakan je wurin duk shekara kafin azumi, ya jingina da aduwar, ya ƙirga takunsa, ya yi addu'a ya dawo. Ni sau ɗaya na taɓa raka shi, da jimawa.

Na ce masa, "Kawu, ko ganyen aduwar ba za a taɓa ba."

Kuskuren nawa ne, kuma zan faɗe shi yadda yake. Ranar farko katafila na tura, don tifofi masu taya goma suna buƙatar filin juyawa. Na ce wa mai katafilar duk abin da ya tare hanya ya ture shi. Ban je ba, ina Maradun wajen wani aikin kwalbati. Washegari aka sauke eskabeta, na kira direbanta ta waya, mutumin kirki ne daga kudancin Kaduna, bai taɓa zuwa yankin ba. Na ce masa iyakarsa aduwa, kada ya wuce ta gabas. Ya ce ya gan ta. Gaskiya ya faɗa, ya ga aduwa. Sai dai wadda kawu ke nufi tana kwance tun jiya cikin tarin ƙirare, mata har sun fara sarar ta. Wadda direban ya hango wata ce can nesa, a ƙarshen kufan.

Da na kafa turke, ko na shafa fenti a jikin itacen, da ba haka ba. Amma mu da baki muke yin iyaka. A ce daga tsamiya zuwa marke, kowa ya gane, domin duk wanda zai yi aikin ɗan gari ne, kuma aikin a hankali yake tafiya. Da leburori ne, kwana uku ba za su haƙa abin da ya wuce faɗin ɗaki biyu ba. Kuma mai diga yana jin ƙasa a hannunsa. Mutanenmu na dā da fasassun tukwane suke rufe ramin gawa kafin a mayar da ƙasa. In bakin diga ya dira kan tukunya, amon daban ne, kowane lebura ya san shi, zai ajiye diga ya yi salati ya kira manya.

Kwana uku na yi a Maradun. Ran na huɗu taubashina ya kira ni. Ya dawo daga kasuwar shanu ya biya ta wurin. Bai ce mini mai sayar da ƙasar Allah ba, da sunana ya kira ni.

"Kana ina? Taho yanzu. Kuma ka ce ma wanga mutum shi kashe mota."

Na tarar da rami wanda zai haɗiye masallacin Juma'a. Babu aduwa, babu kututturenta. Direban ya sauko yana goge hannu, yana jiran yabo, domin aikin mako guda ya yi a kwana uku. Na tambaye shi ko ya ga wani abu a cikin ƙasar. Ya ce ya hango tsingaron tukwane na zuba daga bokiti, ya ɗauka tarkacen tsohon gari ne. Da ya fahimci abin da muke nufi sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ban yi masa faɗa ba, abin da na ce ya yi shi ya yi.

Na tambayi inda tifofin suka juye, alhali na sani. A kan hanya suka juye. Gireda ta baje, an yayyafa ruwa, rola ta bi ta daddanne.

Taubashina ya ce mu ɓoye wa tsohon, ƙafarsa ta yi rauni, wataƙila ba zai sake zuwa ba. Na ce azumi saura wata biyu, zai zo ko da goyo ne. Ni na je na faɗa masa. Na bar gaisuwar ta kai ƙarshenta, domin ba a katse shi, sannan na faɗa. Ya rufe littafin da ke gabansa, ya ce a ɗauko babur.

A bakin ramin ya daɗe yana tsaye, sanda a hannu. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya matsa wani wuri da yake zaton nan aduwar take, ya fara taku yana ƙirgawa a hankali. A na bakwai ƙasa ta ƙare a gabansa. Ɗansa ya riƙo masa hannun riga.

Na durƙusa na ce, "Kawu, laifina ne. Ka yafe mini."

"Tashi, ɗan ƙanwata," ya ce. "Allah ya san inda kowa yake, ran da za a tashe su ba ya neman aduwa. Ni ne dai ban sani ba yanzu."

Mun bi bangon ramin da hannu har la'asar. Abin da muka samu bai cika ƙyalle guda ba, kuma ba mu san na wane ne ba, don ba kakana kaɗai ke kwance a wurin ba. Kawu ya sa aka naɗe cikin farin yadi aka rufe a maƙabartar gari. Na ce zan mayar da ƙasa in cike ramin. Ya tambaye ni wace ƙasa.

Bai sake tayar da maganar ba, bai kuma canza mini fuska ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya ne ya canza. Hanyar nan ta ratsa tsakanin gidansa da masallacin Juma'a, kuma tun daga ranar, in zai tsallaka ta sai ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu, ya yi sallamar da ake yi wa mutanen kabari, ya taka a hankali. Ya daina hawa mota ko babur a kanta. Masu acaba suna kauce masa, wasu na cewa tsufa ne.

Ban bar sana'a ba. Ina da iyali da ma'aikata, kuma ƙauyukan na buƙatar hanya, mata masu naƙuda sun daina kwana a laka. Yanzu duk inda za mu haƙa sai na je da ƙafata, na nemo mafi tsufan garin, na kafa turaku masu jan ƙyalle. Kwanan baya wani ya nuna mini a waya tifofin ma'adinai na ƙasashen waje, tayarsu ta fi soro tsawo, wasu ma babu direba a ciki. Ya ce in na samu irinsu na gama. Na mayar masa da wayarsa.

Kawu ya rasu shekara biyu bayan haka, da damina. Kafin nan ɗansa ya tambaye shi inda yake so a sa shi. Ya ce duk inda aka samu wuri. Ni na karɓi diga na haƙa, ban bar wa kowa ba sai da hannuna ya yi kanta.

Maƙabartar tana ƙetaren hanya. Da muka iso bakinta da makara a kafaɗa, taubashina ya tsaya ya zame takalmansa. Na zame nawa. Na bayanmu suka yi haka, layi bayan layi, babu wanda ya ce a yi. Muna tsakiyar hanya sai ga tifa ta taho da lodin ƙasa, ta tsaya tana huci. Tawa ce. Direban sabon ɗauka ne, daga saman kujerarsa taron mutane kawai ya fara gani, sai ya danna ham sau biyu kafin ya hango makarar ya kashe injin. Muka ƙarasa tsallakawa, jar ƙasar na manne mana a tafin ƙafa.