Ɗan Dunƙulen da Hannun Ƙarfe Ya Miƙo Mini

Shekarun baya, ƙanena da ke karatun injiniya ya zo ƙauyenmu na gefen Bagwai da wata safar hannu mai wayoyi. Wai Inna, mahaifiyarmu, za ta riƙa sakawa tana murza ƙuli-ƙuli, na'ura tana ɗaukar motsin yatsunta, don a koya wa hannun mutum-mutumi aiki irin na mutane.

"Kai dai ba ka rabuwa da jarabar tsiya," in ji ta. Amma ta saka. Hutunsa kaf haka suka yi, ni kuwa ina gefe ina ta yi musu dariya.

Damina ba ta kewayo ba Allah Ya karɓi abarSa.

Bayan nan na shiga Kano dubiya, na biya makarantar su ƙanena. Na tarar da shi ya yi tagumi gaban wani hannun ƙarfe da kwanon tunkuza.

"Yaya, abin nan ya koyi wani kuskure. Goge shi zan yi kafin malamai su zo dubawa."

Ya kunna shi ta kwamfuta. Yatsun suka gutsuri tunkuza, suka murza, suka jera. Har yadda Inna take lanƙwasa ƙaramin yatsa! Can sai hannun ya tsaya, ya mulmula wani ɗan mitsitsin dunƙule, ya miƙa shi gefen dama, ƙasa-ƙasa, inda babu kowa. Ya jira.

Salati na saka.

Nan ne wurin zamana ina ƙarama. Makwaɗaiciya ce ni ta gidan gaba, in ba a ba ni ɗanyar tunkuza ba, unguwa sai ta ji kukana. Ashe har na yi aure na haihu, hannun Inna bai daina ware rabona ba. Ina tsakar gidan ina mata dariya, ban taɓa lura ba.

"Ba kuskure ba ne," na ce masa da ƙyar. "Nawa ne."

Ya kalle ni, sannan ya janye hannunsa daga kwamfutar. Ya ce ko za a rage masa maki, ba zai taɓa shi ba.

Na san ƙarfe ne, bai san ni ba. Amma ranar nan durƙusawa na yi, na sa hannu biyu na karɓa, yadda Inna ta koya mini.