Neman aure a Sevran da ɗan ƙwallon Holand

Lahadi ce, cikin sanyin 2018, ƙarfe biyar na yamma, a falon wani Alhaji ɗan Damagaram a Sevran, wani gari a Faransa. Akwai Alhajin da ƙaninsa, da 'ya'yansa maza biyu haifaffun Faransa, sai ni da abokin ɗakina, wanda muka taso daga Lyon don nema masa auren 'yar gidan. Iyayensa suna Maradi, shi ya sa na zama wakili; na taɓa aikin rediyo, ana ganin na iya shimfiɗa magana.

Tun a jirgin ƙasa na maimaita masa ƙa'ida: mai nema ya zauna ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya bar wa wakili baki.

Akwai ɗan wasan Holand da ƙungiyar Lyon ta saya bayan ya kasa a Ingila. Ban taɓa ƙaunarsa ba. Ya ci ƙwallo yau, ya yi wata guda yana yawo cikin fili kamar mai jiran bas, kuma ƙasarsa ba ta samu gurbi a gasar duniya ta shekarar, wato Mondial, ba. A ɗakinmu na Villeurbanne, a gefen Lyon, hotonsa ne a bangon abokina, har saman firji. Na gaji da ganin fuskarsa kafin in karya kumallo.

Talabijin na kunne a falon, an kashe sauti. Na gama doguwar gaisuwa, na shiga asalin yaro, karatunsa na injiniya, aikin da ya samu. Ƙanin Alhaji yana gyaɗa kai. Sai aka nuno ɗan wasan nan a allo.

Babban wan yarinyar ya ce da ƙaninsa, yadda kowa zai ji: "Ga gwanjon Ingila. 'Yan Lyon ko me aka zubar sai su tsince."

Ƙaramin ya ce, "Bana a tele zai ga Mondial, kamar Baba."

Na ɗaga murya kaɗan na ci gaba. A gefena na ji numfashin abokina ya sauya. Na taka masa ɗan yatsan ƙafa.

Ya ɗago kai ya dubi Alhaji, ya kira shi kawu da Faransanci, ya ce, "Tonton, a yi haƙuri, amma wannan ƙarya ce."

Alhaji ya ce, "Wace, ɗana?"

Shi ke nan. Abokina ya fara daga ƙuruciyar ɗan wasan a Holand, ya bi ta Ingila inda a cewarsa koci ne ya zalunce shi, ya sauko Lyon, ya koma ƙungiyar ƙasa yana rarraba laifi ga masu tsaron baya. Rabi da Hausa, rabi da Faransanci. Ya tashi daga zaman ƙasa ya durƙusa, yana nuna allon da yatsa ta saman kan Alhaji. Sunan yarinyar bai fito daga bakinsa ko sau ɗaya a ranar ba.

Alhaji ya bari ya gama, sannan ya dube ni. "Malam wakili, ashe yaronku yana da baki. Da kun huta da tafiya."

Na ce, "Alhaji, ƙuruciya ce."

"Haka ne. Za mu yi shawara."

A hanyar komawa abokina bai nemi afuwa ba. Ya ce dai ai gaskiya ya faɗa, kuma su ma sun sani.

Alhaji bai kira mu ba. Da rani aka ɗaura mata aure da wani mai aikin banki ɗan Tawa.